Kwamfutar da Ke Tsoron Ɗauke Wuta

Kun taso kun tarar da labari iri biyu a kan yadda na bar koyarwa. A gidan kawunku Alhaji Bala ana cewa shi ya ceto ni daga ƙurar alli ya ɗora ni a kan hanya. A ɗakin mahaifiyarku kuwa ana cewa wani akwatin ƙarfe ne ya shiga kaina ya kori hankalin da ya tarar a ciki. Kowane ɓangare yana da shaidunsa, ni kuma ban taɓa ƙaryata mutum ina cin tuwonsa ba. Amma tunda ido ya fara gajiya da allon kwamfuta, hannu kuwa bai gaji da alƙalami ba, bari in rubuta muku nawa ya zama na uku.

Lissafi nake koyarwa a lise, wato makarantar sakandare, a nan Garoua, muna zaune a Poumpoumré, a gidan da ruwan damina ke shigowa ta ƙofa ya fita ta bayan gida ba tare da ya nemi izinin kowa ba. A zuriyarmu, tun daga kakanmu da ya zo daga Kano da goro da turamen atamfa, ni ne na fara cin albashin gwamnati. Da farko abin dariya ne a wurin dangi, daga baya ya zama abin tinƙaho, domin albashin nan ba shi da yawa amma yana da hali ɗaya mai kyau: yana zuwa. Ina cikin wannan zaman lafiya wani abokin aikina ya dawo daga Yaoundé da littafin koyon Pascal, ɗaya daga cikin harsunan da ake rubuta wa kwamfuta umarni da su. Hoton hoton littafi ne, an yi ta ɗaukarsa a inji har wasu shafukan sun koɗe sai an kai su bakin taga. Na karɓa da niyyar dubawa a ƙarshen mako, ban mayar masa ba har ya yi ritaya. Abin da na gani a ciki ya girgiza ni. Shekara da shekaru ina bayar da umarni a aji ba mai bi, ga shi an ce akwai wani ɗalibi da zai bi duk abin da ka faɗa, daidai yadda ka faɗa, ba gardama, ba uzurin ciwon ciki. Ba ni da kwamfuta a lokacin. In yara sun tashi sai in rubuta umarnin a allon aji, in koma gefe in zama injin da kaina, ina bin layi bayan layi da alli a hannu. Ina jin ni ne kwamfuta mafi jinkiri a duk arewacin Kamaru, sai dai ni ba a ɗauke mini wuta.

Yayana Alhaji Bala yana da ajans, wato tashar motocinsa na fasinja masu zuwa Kaélé da Yagoua da Kousséri. Ya sayo wata tsohuwar kwamfuta daga Douala don kawai ajans ɗin da ke tsallaken titi sun ajiye irinta a tebur sun lulluɓe da zane. Tasa ma aka lulluɓe. Ranar da na ɗaga zanen nan na ce masa zan iya sa ta sayar da tikiti, ya dube ni irin kallon da ake yi wa wanda ya ce zai koya wa akuya karatu, sannan ya ce in gwada. Na nemi hutun shekara guda ba albashi. Aka ba ni, tare da sharaɗin cewa in hutun ya ƙare an mayar da ni Kaélé, kuma in ranar rantire ta zo, wato ranar buɗe makarantu, ba a gan ni a bakin aiki ba, to na bar aikin gwamnati ke nan, da shi da fanshon da ke bayansa.

Mahaifiyarku Maryama tana tsince shinkafa na faɗa mata.

"Shekara guda ka ce, Malam."

"Shekara guda."

"Ta Musulunci ko ta Nasara? Don in san wadda zan riƙe ka da ita."

Na ce ta Nasara. Ta ce ita ta Musulunci za ta bi, ta fi gajarta.

Watannin farko ban taɓa jin daɗin aiki irinsu ba. Na zana kujerun mota a kan allon kwamfuta, kowace kujera ɗan akwati, wadda aka saya ta yi duhu, wadda ba a saya ba ta zauna fara. A rubuta sunan fasinja da inda za shi da lambar katinsa, firinta ta yi ƙara kamar mai saran katako, tikiti ya fito. Mai zama a gishe, tagar da ake sayar da tikiti, wata mata ce 'yar Yagoua, Madam Odet, wadda ke jin Faransanci da Fulatanci da Hausar kasuwa, tana kuma iya zagin mutum da duka ukun a numfashi guda. Ta koyi abin da sauri. Direbobi suka riƙa leƙowa su ga motarsu tana cika a kan allo kafin ta cika a fili. Ni kuwa ina tsaye a bayanta ina ji kamar ni na ƙirƙiro mota.

Sai bazara ta shigo. Kun san bazarar Garoua, lokacin da ƙarfen ƙofa ke ƙona hannu, wutar lantarki kuma ta riƙa zuwa tana tafiya kamar baƙuwar da ba a yi wa shimfiɗa ba. Muna da ɗan batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, zafi ya kashe shi. Wata safiya motar Kousséri ta kusa cika aka ɗauke wuta, duk sunayen da Madam Odet ta rubuta tun asuba suka tafi, domin na tsara abin ne ya adana aikinsa sai mota ta cika. Aka sake rubutawa da ka, aka sayar wa mutum biyu kujera ɗaya, wani attajirin Kousséri da matar wani soja. Ban san Larabcin Shuwa yana da kalmomi masu yawa haka ba sai ranar. Yaya ya kira ni ofishinsa.

"Isiyaku, injin nan naka kada ya sake manta ko harafi ɗaya."

"Zan duba, Yaya."

"Ba dubawa na ce ba. Harafi ɗaya."

Da ɗan kasuwa ya faɗa wa wannan magana, da ya fahimci ana nufin a yi hattara. Amma malamin lissafi ya faɗa wa, mutumin da ya saba in an ce harafi ɗaya to harafi ɗaya ne. Na koma na gyara abin ta yadda duk maɓallin da Madam Odet ta danna, kwamfuta za ta buɗe fayil ɗin da ke riƙe da dukan tafiye-tafiyen ajans, ta sake rubuta shi daga farko har ƙarshe a faifanta, ta rufe, sannan ta saurari harafi na gaba. Aka yi ta ɗauke wuta, ba a sake rasa komai ba, na riƙa tafiya ina ɗaga kafaɗa. Abin da ban hango ba shi ne fayil ɗin yana ƙiba. Kowace mota da ta tashi tana bar masa kaya. Kafin damina ta yi nisa, Madam Odet za ta gama rubuta suna ta ɗauke hannu ta sha ruwa, sannan haruffan su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya kamar 'ya'yan agwagwa suna tsallaka titi. Fasinja zai yi mata cikakkiyar gaisuwar Fulani, jam na, ya tambayi gida da yara da gajiya da zafi, ya koma ya sake daga farko, tikiti bai fito ba. Wata rana na zo na tarar ta mayar da zanen a kan kwamfuta, tana yanka tikiti da biro.

"Mesiye, ɗanka yana da ladabi," in ji ta, "amma mutane suna da mota a gaba."

Yaya bai yi faɗa ba, da ma ba ya faɗa in ya riga ya yanke shawara. Ya ce makon rantire yana zuwa, lokacin da duk ɗaliban lardi da iyayensu da katifunsu ke neman mota rana ɗaya.

"In ya ɗauki makon nan, ka zauna, in sayo wasu a sa a Yagoua da Kousséri, ya zama sana'arka. In bai ɗauka ba, ga motar Kaélé nan, kujerar gaba, ba sai ka biya ba."

A nan ne karatuna na gaskiya ya fara, kuma shi nake so ku riƙe ko da kun manta sauran. Da farko na yi abin da duk mai jin ya iya ke yi: na zargi wurin da na fi sani. Na ce ai hanyar jera sunaye ce ke cin lokaci. Na zauna na cire tsohuwar hanya mai kwatanta kowane suna da maƙwabcinsa, na sa wata mai raba jerin biyu, ta sake raba kowane rabi biyu, hanya mai kyau wadda har yau in na tuna ta sai in ji daɗi. Na gyara neman suna ya zama kamar neman kalma a ƙamus, ka buɗe tsakiya ka watsar da rabin da ba ka buƙata. Na goge lissafe-lissafe, na rage nan na matse can, duk da kyakkyawan rubutu irin na mai gyaran jarrabawa. Na kai wa Madam Odet da alfahari. Ta rubuta suna, ta ɗauke hannu, ta sha ruwa. 'Ya'yan agwagwa suka fito da tafiyarsu ta kullum.

Sai na tuna abin da nake ce wa yara in sun kawo amsa ba aiki: nuna mini inda ka auna. Ni ban auna komai ba, zato na yi. Na koma na sa kwamfuta ta riƙa duba agogonta a bakin kowane sashe na aikin, lokacin shiga da lokacin fita, ta rubuta mini wanda ya fi cin lokaci. Ranar da sakamakon ya fito, bayan sallar asuba ne, iska tana ɗan kaɗawa daga kogin Binuwai, na zauna ina kallon allo ina dariya ni kaɗai har mai shara ya leƙo. Jera sunayen da na kwashe makonni ina yi wa ado, ko gezau, rabonsa a jinkirin bai kai a ambata ba. Kusan dukan lokacin yana tafiya ne a wuri biyu: rubuta fayil ɗin nan gaba ɗaya bayan kowane harafi, da kuma sake zana dukan kujerun mota a allo duk lokacin da ɗaya ta canja. Ban san yadda zan kwatanta muku daɗin wannan lokaci ba. Ban gyara komai ba tukuna, amma na ga ɓarawon da idona, yana zaune a inda ni na ajiye masa kujera.

Na dawo gida ban taɓa koko ba na hau yi wa mahaifiyarku bayani. Na ce ta ɗauka tana da yaron shago wanda duk lokacin da aka sayi ashana ɗaya sai ya fitar da kayan shagon kaf waje, ya sake jera su, sannan ya ce wa na gaba bismilla.

"Wa ya koya masa haka?"

"Ni."

"To."

Na ce amma na san maganinsa. Tafiye-tafiyen ranar kaɗai za a ɗauko a riƙe a ƙwaƙwalwar injin, inda komai ke gudu, tsofaffin su koma wani fayil daban su yi barci. In an gama rubuta fasinja, ba sai an sake rubuta duniya ba, layi ɗaya tak za a ƙara a gindin wani ɗan ƙaramin fayil, a tabbatar ya sauka a faifai, shi ke nan. In an ɗauke wuta aka dawo, sai injin ya karanta layukan nan ya sake gina motocinsa. Kuma don kada ya amince da layin da wuta ta yanke a tsakiya, kowane layi zai ɗauki wata 'yar lamba a ƙarshensa da aka fitar daga haruffansa, irin gwajin tara da muke koya wa yara don duba ninkawa, in lamba ba ta dace ba a watsar da layin. Babban aikin tattarawa kuwa a bari sai azahar, lokacin da ake rufe gishe a tafi salla, injin ya rubuta sabon fayil a gefen tsohon, sai ya gama lafiya sannan ya musanya su. Allo kuma kujerar da ta canja kaɗai za a sake zanawa. Ina magana ina zagaya tsakar gida, hannu yana zana akwatuna a iska, har kaji suka ba ni wuri.

Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, ba tare da ta ɗago daga tukunya ba:

"Malam, ni ba faɗuwar injin nan nake tsoro ba. In ya faɗi, mu kwashe kaya mu tafi Kaélé, ƙarshen wata albashi ya zo. Tsorona ya ci."

Na ɗauki kokon na sha. Gaskiya ta faɗa, kuma ku da kuke ƙanana a lokacin, takalmanku da kuɗin makarantarku duk suna cikin maganar. Amma na riga na ga yadda abin zai gudu, wanda kuwa ya ga haka da wuya ya iya rufe ido.

Na sake rubuta rabin aikin. Wannan karon kowane gyara sai na auna kafinsa na auna bayansa, wanda bai rage komai ba in mayar da shi yadda yake, komai kyansa. Na raba dogayen sassa zuwa ƙanana, kowanne da aiki ɗaya da suna mai faɗin aikinsa, domin na gano cewa umarnin da ba ka iya karantawa ba za ka iya hanzarta shi ba. Na cika injin da fasinjojin ƙarya, dubbai, na ba su sunayen tsofaffin ɗalibaina na tura malalatan cikinsu Kousséri sau da yawa. Ina danna maɓalli, harafi yana tsaye a allo kafin in ɗaga yatsa.

Asabar ta ƙarshe kafin rantire, tun da sassafe filin ajans ya cika da akwatunan ƙarfe da katifu da buhunan gero da iyaye mata masu jan kunne. Madam Odet ta yaye zanen da fuskar wadda aka tilasta. Fasinja na farko wani dattijo ne Bafulatani. Ya faɗi sunansa da inda za shi, ya gyara tsayuwa ya fara gaisuwa, bai kai ga tambayar yara ba tikiti yana hannunsa. Ya dubi takardar, ya dubi Madam Odet, ya ce da ita cikin Fulatanci shi bai gama ba. Ta ce ya koma gefe ya ƙarasa, tana jinsa. Layi ya riƙa tafiya kamar ana jan igiya. Kujeru suna yin duhu a allo ɗaya bayan ɗaya, mota ta cika ta tashi, wata ta shigo. Direban Yagoua ya zo yana ƙorafi wai an cika masa mota bai gama shayi ba. Ni ina tsaye a baya, rigata ta jiƙe, bakina ya ƙi rufuwa. Abu ɗaya ya rage: ranar da nake roƙon a ɗauke wuta don in nuna abin da na gina, ranar ce aka ƙi ɗaukewa.

Wajen hantsi Yaya ya fito daga ofis, ya tsaya yana kallo, hannu a baya.

"Ya yi sauri," in ji shi. "Mai sauri kuwa shi ke mantuwa. Madam, rubuta mini fasinja. Isiyaku, Kaélé, motar gobe, kujerar gaba."

Ta dube ni, ta rubuta. Tana danna maɓallin ƙarshe, firinta ta fara ƙara, Yaya ya sunkuya da babbar rigarsa ya fizge wayar daga bango. Allo ya yi baƙi. Tikitin ya tsaya rabi a ciki rabi a waje. Wata mata a layi ta tambaya ko an ɗauke wuta ne, aka ce mata a'a, Alhaji ne ya ɗauke.

"In sunanka ya ɓace, ka tafi," in ji Yaya. "In yana nan, ka zauna."

"Yaya, ai a juye ka faɗa."

"Daidai na faɗa, Farfesa. Mayar da waya."

Na mayar. Tsohuwar kwamfutar nan tana da nata jinkirin tashi wanda ba ni da iko a kansa, sai ta yi tari, ta ƙirga ƙwaƙwalwarta, ta yi tunanin rayuwa. Ban taɓa jiran sakamakon jarrabawa da irin bugun zuciyar nan ba. Sannan kujeru suka bayyana. Motar Yagoua cike, motar Kousséri da rabinta, kowane suna a mazauninsa. Madam Odet ta buɗe motar Kaélé ta gobe. Kujerar gaba ta yi duhu, a kanta an rubuta Isiyaku. Ta tafa hannu sau ɗaya ta yi wata magana da yarensu na Yagoua, masu lodi suka ɗauki sowa ba tare da sun san me aka ci ba. Yaya ya gyara hularsa.

"Na Kousséri za a fara sawa, can wutar ta fi rashin kunya." Ya nuna allo da haɓa. "Kujerar nan kuma ana nemanta, ga yara a layi. Za ka hau ko za ka soke?"

Madam Odet ta matsa ta ba ni wuri. A nan ya kamata in gaya muku abin da ke kan wannan kujera, domin ku kuka biya wani ɓangarensa. Abokan aikina na lise yau suna karɓar fansho, ni kuwa na yi shekarun da aiki ya yi yawa, na yi waɗanda mahaifiyarku ta sayar da awarwaronta ba ta faɗa mini ba sai daga baya. Kuma ban sake tsayawa gaban aji na ga fuskar yaro a daidai lokacin da lissafi ya buɗe masa ba, abin da babu injin da ya taɓa ba ni irinsa. Duk wannan ban san shi dalla-dalla ba a ranar, amma na san yana nan. Na sa yatsa na danna soke. Da tsohon tsarin da na yi wa injin ne, da na sami lokacin shan ruwa in sake tunani. Wannan kuwa kafin in ɗaga yatsa kujerar ta yi fari.

Ta gaba a layi wata yarinya ce da akwatin ƙarfe da kwalin littattafai ɗaure da igiya, za ta shiga lise a Kaélé. Madam Odet ta ba ta kujerar gaba. Har yau nakan yi tunanin wa ya koya mata lissafi, kuma ko ya sa ta nuna inda ta auna.